Tsohuwar katangar tsaro ta hana a ɗaga saba: a cire ta da hannu ko a bar ta?

Me ya sa manhajar da aka girka don ta tsare saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet, ita ce kuma za ta gitta ta hana a ɗaga sabar zuwa sabon zubi? In ta gitta ɗin, wa ke da gaskiya, mai cewa a goge ta kawai a wuce, ko mai cewa kada a taɓa abin da ke aiki lafiya?

Abubuwa biyu ne suka sa wannan tambaya ta yi ta yawo a bakin masu kula da shafukan intanet. Ranar 30 ga Yuni 2024 wa'adin CentOS 7 ya ƙare, wato babbar manhajar da ɗimbin sabobin haya ke tafiya a kanta ta daina samun gyaran tsaro. Sannan ranar 31 ga Agusta 2025 kamfanin Way to the Web na Birtaniya ya rufe, kuma shi ne mai CSF, katangar tsaro da kusan duk mai amfani da cPanel, allon sarrafa sabar haya, ya sani. Kafin ya rufe ya saki manhajar ƙarƙashin lasisin GPLv3 don kowa ya iya ɗauka ya ci gaba, amma rumbun da ake sauko da sabuntawarta daga wurinsa ya daina aiki.

A nan Kumasi abin bai tsaya kan masu sana'ar kwamfuta kaɗai ba. Makarantu masu zaman kansu a Asawase da Aboabo da ke ajiye sakamakon yara a intanet, kamfanonin shirya tafiyar Umara, asibitocin kuɗi, 'yan kasuwar Adum da Kejetia da ke karɓar oda ta shafinsu, da yawansu suna da saba wadda ba su taɓa gani da ido ba. Tana can Jamus ko Amurka, ana biyan hayarta da dala ko yuro, kuma wani matashi ne ya kafa ta shekarun baya. Yau an ce masu sai an ɗaga ta, an fara, aikin ya tsaya, an ce katanga ce ta hana.

Katangar ba abu ɗaya ba ce

Rashin fahimtar daga nan yake farawa. Saba kwamfuta ce da ke kunne dare da rana tana amsa duk wanda ya ƙwanƙwasa mata ta intanet. Tana da ƙofofi masu lamba. Ta 80 da ta 443 ake shiga shafi. Ta 22 mai kula da sabar ke shiga da SSH, hanyar shiga daga nesa, ya ba da umarni. Ta 3306 rumbun bayanai na MySQL ke saurare. Aikin katangar tsaro shi ne ta tantance wace ƙofa za a buɗe, kuma wa za a bari ya shiga.

A Linux, dangin babbar manhajar da CentOS ke ciki, wannan aiki hawa uku ne. Can ƙasa, cikin zuciyar babbar manhajar, akwai netfilter, shi ne ke tare saƙo ko ya sake shi. Sama da shi akwai kayan da ake rubuta masa dokoki da su, wato iptables, wanda ya zo da Linux 2.4 a 2001, da magajinsa nftables da ya shigo a 2014. A can sama kuma sai manhajojin da mutane suka fi sani da suna: CSF, APF, firewalld, ufw. Waɗannan na saman ba su tare komai da kansu. Dokoki kawai suke rubutawa su miƙa ƙasa.

Ɗauki gidan haya mai maigadi a bakin ƙofa. Maigadin shi ne netfilter. Takardar sunayen da ke hannunsa ita ce dokokin iptables. CSF ko APF kuwa shi ne malamin da ke rubuta takardar kullum ya ba shi. In ka sallami malamin yau, takardar tana nan a hannun maigadi, kuma da ita zai ci gaba da aiki. Sai ranar da aka kashe sabar aka kunna, maigadi ya dawo hannu wofi, ba wanda zai ba shi sabuwa, ya bar kowa ya shige. Shi ya sa wanda ya goge foldar katanga yakan ga komai lafiya na kwanaki, ya ɗauka ya gama, alhali bai cire dokokin ba, bai kuma tanadi wanda zai rubuta wasu ba.

Yadda take tare hanya

Ɗaga saba daga zubi zuwa zubi ba irin sabuntawar yau da kullum ba ce. Kusan kowace manhaja a cikinta ake sauyawa, har da zuciyar. Masu CentOS 7 yawanci suna bi ta ELevate, shirin AlmaLinux, ɗaya daga magadan CentOS, da aka gina kan Leapp na kamfanin Red Hat, kuma hawa ɗaya-ɗaya ake yi, daga 7 zuwa 8, sannan daga 8 zuwa 9. Kafin Leapp ya taɓa komai sai ya binciki sabar ya rubuta rahoto a /var/log/leapp/leapp-report.txt. In ya ga abin da zai iya barin sabar ta kasa tashi, sai ya ƙi ci gaba. Misali sananne a hawa daga 8 zuwa 9 shi ne saitin AllowZoneDrifting na firewalld. In yana kunne aikin ba ya tafiya. Maganinsa sauya layi ɗaya ne a fayil, ba cire katanga ba. Na kawo wannan ne don mutane da yawa da zarar sun ga sunan katanga a saƙon kuskure sai su zabura zuwa gogewa, ba su karanta rahoton har ƙarshe ba.

Wata hanyar ita ce rikicin dogaro. Tsohuwar katanga, musamman ta wani kamfani ta kuɗi, tana iya jingina da tsohon Python 2, ko da wani ɗan guntun da aka ƙera don tsohuwar zuciyar Linux kaɗai. Sabon zubi ba shi da waɗannan. Manajan manhajoji, yum ko dnf ko apt, sai ya ga ba zai iya cire tsohon abin ba tare da karya katangar ba, ya tsaya cak. A Debian da Ubuntu, wasu nau'o'in Linux, akan samu manhajar da aka fara cirewa umarnin bankwananta ya gaza, ta maƙale rabi a ciki rabi a waje, apt kuma ya ƙi yin komai sai an warware ta.

Akwai kuma tarewa ta zahiri. Wasu sun saita katangarsu ta hana sabar fita waje sai zuwa wasu adireshi da aka lissafa. Sabon zubi daga sabon rumbu yake zuwa, katangar ba ta san shi ba, sai saukowa ta gagara. A nan ma dai sai an lura. Bayan wa'adin CentOS 7 ya ƙare an rufe jerin rumbunansa, aka kwashe kayan zuwa vault.centos.org. Yum da ya kasa sauko da komai a irin wannan saba, sau da yawa ba laifin katanga ba ne, adireshin da yake nema ne ya mutu.

Wadda ta fi tsoratar da ni ita ce wadda ba ta tare komai. Ɗagawar ta wuce lami lafiya, sabar ta tashi, amma tsohuwar katangar ta kasa kunnuwa a sabon wuri, ko ta kunnu tare da firewalld suna rubuta dokoki kan dokokin juna. Tun daga RHEL 8 na Red Hat da Debian 10, duka a 2019, nftables ne ke ƙasa, umarnin iptables da ake gani kuwa fassara yake yi zuwa gare shi. Yawancin tsofaffin dokoki suna tafiya ta wannan fassara, amma ba duka ba. Wanda binciken farko ya tsayar, gata aka yi masa. Wanda ya wuce shiru da katanga matacciya shi ne ke cikin haɗari bai sani ba.

Me ya kai mu ga cirewa da hannu?

Manhajar da aka girka ta yum ko apt tana cikin rajista. Manajan ya san kowane fayil nata da inda ya ajiye shi, umarni ɗaya ya isa ya kwashe. CSF da APF ba haka aka fi girka su ba. Ƙunshi ake saukowa da shi a kwance, a kunna install.sh, shi kuma ya watsa fayiloli a wurare daban-daban, manajan bai san da zamansu ba. Ana iya gane wannan cikin sauƙi. In ka tambayi rpm -qf ko dpkg -S game da fayil ɗin ya ce ba na kowa ba ne, to ta bayan fage ya shigo.

CSF yana da nasa umarnin cirewa, /etc/csf/uninstall.sh, kuma in yana nan shi ya kamata a fara da shi. Masu CSF ma sun tanadi wani ɗan umarni na musamman, remove_apf_bfd.sh, don kwashe APF da abokin tafiyarsa BFD, saboda sun san yadda ragowarsu ke zama a saba. Hannu yana shigowa ne in wannan hanya ta toshe: wani ya riga ya goge foldar da umarnin cirewar a cikinta, ko kamfanin da ya sayar da katangar ya rufe kuma manhajar na neman ta gaisa da sabarsa kafin ta yarda ta fita, ko kuwa saba ce da ta wuce hannun mutum uku, kowa ya ɗora tasa katangar kan ta wanda ya gabace shi. Wannan na ƙarshen ya yi yawa a wurinmu. Wanda ya kafa ya tafi karatu ko ya ƙetara, na biyu ya gyara abin da ya iya, ba wanda ya bar rubutu.

Kafin a taɓa komai

Abu na farko shi ne hanyar shiga ta biyu. Kusan duk kamfanin da ke ba da hayar saba yana da allon gaggawa a shafinsa, wanda ke kai ka cikin sabar ba ta ƙofa ta 22 ba, kamar kana zaune gabanta. Ka buɗe shi ka gwada, ka tabbatar kana da kalmar sirrin root, asusun da ke da cikakken iko a sabar, kuma tana aiki a wurin. Mutane da yawa da mabuɗin SSH suke shiga shekara da shekaru, ba su san kalmar sirrin ba sai ranar da suka buƙace ta. In kuma asusun hayar yana hannun wanda ya tafi, to aikin yau ba cire katanga ba ne, neman wannan asusun ne.

Sai kwafin ajiya. A ɗauki hoton sabar gaba ɗaya daga shafin kamfanin hayar, a kuma fitar da rumbun bayanai a ajiye a wani wuri daban, ba cikin sabar ba. Bayan haka a adana dokokin da ke aiki yanzu da iptables-save, da ip6tables-save don adireshin intanet zubi na shida, wato IPv6, da akan manta da shi, a kwafi foldar saitin katangar dungurungum.

Wannan kwafin ba don komawa baya kaɗai ake yin sa ba. Karanta shi za a yi, domin a cikinsa tarihin sabar yake. A csf.conf za ka ga ƙofofin da aka buɗe. A csf.allow za ka ga adireshin da aka yi wa izini na musamman, kuma a nan ne abin da zai iya cizon ɗan kasuwa ke ɓoye. Shafin da ke karɓar kuɗi ta MoMo, wato biya ta waya, yana jiran saƙo daga sabar kamfanin da ke shiga tsakani, mai cewa wane ya biya. In adireshin wannan kamfani yana jerin izini na tsohuwar katanga, aka cire ta ba a kai shi sabuwa ba, za a ci gaba da cire wa mutane kuɗi a wayarsu, shafin kuma yana nuna ba su biya ba. Uba ya tura kuɗin makaranta, an ce yaronsa na da bashi. Ba wanda zai danganta wannan da katanga sai an sha wahala.

Jerin waɗanda aka hana, csf.deny, shi kuma ban ga dalilin kwashe shi zuwa sabon wuri ba. Kamfanonin waya suna haɗa mutane da yawa kan adireshi ɗaya, kuma adireshin yana sauya hannu. Wanda aka toshe shekaru uku da suka wuce don wani ya yi ta kuskuren kalmar sirri, yau ƙila kwastomominka ne ke kansa. Haka toshe ƙasa sukutum da wasu ke yi. Mutanen Zango nawa ne ke Bronx da Hambug da Jidda suna biya wa 'yan'uwa kuɗin makaranta ko na asibiti ta waɗannan shafuka? A duba wannan saiti da idon basira kafin a maimaita shi.

Lokaci ma abin dubawa ne. Ba a yin wannan aiki a makon komawa makaranta, ko ana gab da Sallah kasuwa na ci. Mu a Gana muna da sauƙi ɗaya, agogonmu daidai yake da UTC da yawancin sabobi ke bi, don haka lokacin da ka gani a jadawalin sabar shi ne na agogon hannunka, in ba wani ya sauya ba. A kuma yi aikin cikin tmux ko screen, don in wuta ta ɗauke ko layin ya yanke, umarnin da ke tafiya kada ya mutu a tsakiya. Wanda ya ga ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse Gana ta shiga duhu, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Cirewar kanta, da inda mutum ke kulle kansa a waje

Tsarin yana da muhimmanci fiye da umarnonin. Da farko a tsayar da duk abin da ke iya sake tayar da katangar. CSF tafe yake da lfd, mai sa ido kan masu gwada kalmar sirri, kuma yana da ayyuka a jadawalin cron, mai kunna umarni da kansa a lokacin da aka tsara. APF ma yana da nasa a cron.daily. In ka share dokoki ka bar waɗannan, cikin dare za su mayar da su. Ana kashe CSF da csf -x, a tsayar da hidimominsa a hana su tashi da systemctl, sannan a leƙa /etc/cron.d da jadawalin root a fitar da abin da ya shafe shi.

Sai share dokokin, kuma a nan ne ake yawan faɗawa rami. Katanga mai kyau takan sa doka ta asali cewa duk saƙon da ba a ambace shi ba a jefar da shi. Umarnin iptables -F yana share jerin dokoki, amma ba ya taɓa wannan ta asali. Ka ga kenan an share duk izini, an bar hani. Nan take allonka zai daskare, domin har izinin da ke riƙe da zamanka na SSH ya tafi, shafin kuma ya mutu ga duniya baki ɗaya. Dole a fara mayar da ta asalin zuwa karɓa, iptables -P INPUT ACCEPT, haka ga OUTPUT da FORWARD, haka kuma a ip6tables, kafin a share. Katangar da ke da lafiya takan yi wannan da kanta in an ba ta umarnin sharewa nata. Mai aikin hannu shi zai tuna.

Masu taka-tsantsan suna ƙara wata dabara da nake ganin ta cancanci zama al'ada. Kafin su taɓa dokoki sai su sa umarni a jadawali, ta at ko cron, wanda bayan minti goma zai buɗe hanya ko ya mayar da tsohon saiti. In komai ya tafi daidai su soke shi. In sun kulle kansu, jira kawai za su yi. CSF kansa yana da irin wannan a yanayin gwajinsa, inda yake share dokokin duk bayan minti biyar.

A kula kuma, ba katangar kaɗai ke rubutu a iptables ba. Docker, mai tafiyar da manhajoji a keɓe, yana sa nasa dokokin don manhajojin da ke cikinsa su samu hanya, fail2ban mai toshe masu gwada kalmar sirri ma haka. Sharewar gaba ɗaya tana tafiya da nasu, sai an sake kunna su za su mayar.

Bayan nan ne ake zuwa kan fayiloli. Na CSF suna /etc/csf, /usr/local/csf da /var/lib/csf, da umarnoni biyu a /usr/sbin, da fayilolin hidima na systemd, da maɓallin da ya dasa a cPanel ko DirectAdmin. Na APF suna /etc/apf da /etc/init.d/apf. Shawarata a nan ita ce kada a goge, a matsar. A kai su wata folda a /root su zauna har a gama ɗagawa a ga komai ya daidaita. Umarnin rm -rf ba ya tambaya, ba ya kuma dawo da abu. Tazara ɗaya da yatsa ya saka bisa kuskure tsakanin /etc da /csf ta isa ta share saitin sabar gaba ɗaya.

In katangar tana cikin rajista amma ta ƙi fita, akwai rpm -e da zaɓin --noscripts, mai tsallake umarnin bankwanan da ya lalace. Wannan yana da wurinsa, muddin ka san sai ka yi da hannu abin da umarnin zai yi. Wanda ba na so shi ne --nodeps a hannun mai gaggawa, domin cewa yake yi a cire ko da wasu sun jingina da abin. Kada kuma a ga sunan iptables a ɗauka shi ne tsohuwar katangar a cire shi. In yum ya jero abubuwan da zai tafi da su, a karanta jerin kafin a amsa masa.

Tazarar da ke tsakanin tsohuwa da sabuwa

Daga lokacin da aka share dokoki zuwa lokacin da sabuwar katanga ta tashi, sabar a buɗe take. Mutane na raina wannan tazara, suna cewa wa ya san da ɗan shafina. Ba mutum ne ke neman ka ba. Na'urori ne ke zagaya adireshin intanet ba dare ba rana suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa, ba ruwansu da ko kai babban banki ne ko makarantar unguwa. Kuma katangar ta daɗe tana rufa asirin abubuwan da aka saita da sakaci: MySQL da ke saurare ga duniya, Redis a ƙofa ta 6379 ba kalmar sirri, wata tsohuwar manhajar gwaji da aka manta. Umarnin ss -tlnp zai nuna maka duk abin da ke saurare. A duba shi kafin a share dokoki, abin da bai kamata ya fuskanci waje ba a tsayar da shi ko a mayar da shi cikin gida.

Mafita mafi sauƙi tana shafin kamfanin hayar. DigitalOcean, Hetzner da AWS duk suna da katanga ta waje, wadda ke gaban sabar ba cikinta ba, don haka ɗagawa ba ta shafe ta. A kunna ta tun kafin a fara, a buɗe ƙofofin shafi, a taƙaita SSH. Mai Ubuntu ya tuna cewa do-release-upgrade yana buɗe SSH na biyu a ƙofa ta 1022 don ko ta kwana, sai a ba shi hanya.

In an gama ɗagawa, wajen kunna firewalld ma akwai tarko. Wanda ya mayar da SSH ɗinsa wata lamba ba 22 ba, in ya kunna firewalld kai tsaye zai rufe kansa. Akwai firewall-offline-cmd da ke ba da damar saita ƙofofi tun kafin a kunna. Kuma firewalld ko ufw ba sa yin aikin lfd. Ba sa ƙirga masu gwada kalmar sirri su toshe su. Sai an haɗa da fail2ban, ko cPHulk ga masu cPanel. Wannan gibi ne da ake bari ba a sani ba, domin a CSF abu biyun tare suke zuwa har mutane suka ɗauka abu ɗaya ne.

Masu cewa a bar ta, da masu cewa a tashi gaba ɗaya

Masu son CSF suna da hujja. Rufewar kamfani ba ta sa manhaja ta daina aiki washegari, tana tafiya a AlmaLinux 8 da 9, kuma akwai kamfanoni da masu sa kai da suka ɗauki rubutunta suna ci gaba da kula da shi. Ga wanda CSF ɗinsa ke da lafiya kuma ba shi ne ya tare hanya ba, ba dole ne a cire shi ba. Abin da zai yi shi ne ya kashe sabuntawa ta kai tsaye da ke nuni ga rumbun da ya mutu, ya kuma san daga hannun wa zai riƙa karɓar gyara nan gaba. Manhajar da ke aiki da cikakken iko a saba ba a sauko da ita daga kowane shafi da aka tsinta.

Akwai kuma masu biyan kuɗi a tsawaita masu gyaran tsaro na CentOS 7 daga kamfanoni irin su TuxCare. Sayen lokaci ne, kuma da dala, ga wanda ke samun kuɗinsa da sidi.

Ɓangare na uku su ne masu cewa a daina wahala da tsohuwar saba. A ɗauki sabuwa da AlmaLinux 9, wanda ke da gyaran tsaro har 2032, ko Ubuntu na dogon zango, a saita katangarta tun daga tushe, a kwashe shafi da bayanai, a gwada, sannan a juya sunan shafin zuwa can. Ga ƙaramar saba mai shafi ɗaya ko biyu, wadda ta bi ta hannaye da yawa ba rubutu, ni ina tare da waɗannan. Kuɗin da za a ƙara hayar saba biyu ne na ɗan lokaci, kuma tsohuwar tana nan tana aiki har a tabbatar da sabuwar. Ɗagawa a wuri ɗaya ta fi dacewa da babbar saba mai asusun mutane da yawa da akwatunan imel, inda ƙaura ke da nata ciwon kai, ko wadda ke zaune a ofis ba ta haya ba.

Abin da ya shafi mai makaranta da mai shago

Alhaji ko Hajiya da ke biyan kuɗin aikin ba sai sun san iptables ba, amma nauyin a wuyansu yake. Dokar kare bayanai ta Gana ta 2012, Act 843, ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane alhakin tsare su, kuma in aka yi kutse aka kai ga bayanan, sai ya sanar da Hukumar Kare Bayanai da mutanen da abin ya shafa. Sunayen yara, lambobin wayar iyaye, hoton fasfo na masu niyyar Umara, duk suna ciki. Hukumar Tsaron Intanet da dokar 2020, Act 1038, ta kafa tana karɓar rahoton kutse ta lamba 292. Ba za a ce wa hukuma yaron da ke mana kwamfuta ne ya cire katanga ba.

Don haka in mai aikin ya ce zai cire katanga don a ɗaga saba, a tambaye shi ina kwafin ajiya yake kuma an gwada buɗe shi, me zai tsare sabar a tsakiyar aikin, kuma ta ina zai shiga in ya kulle kansa. A tabbatar asusun hayar da sunan shafin suna kan imel ɗin mai wurin, ba na ma'aikaci ba. A kuma ba shi lokaci da haƙƙinsa. Yawancin ɓarnar da ake yi a wannan aiki daga matsin lamba take, a kira yaro da daddare a ce lallai kafin asuba shafi ya dawo, shi kuma ya kama umarnin farko da ya gani a intanet ya liƙa.

In ya ce ya gama, aikin bai cika ba sai an kashe sabar an kunna an ga sabuwar katangar ta tashi da kanta. Sannan a gwada daga waje, ta layin waya ba ta intanet ɗin ofis ba, wanda ƙila yana jerin izini. Shafi ya buɗe, imel ya shiga ya fita, ƙofa ta 3306 ta ƙi amsawa, a kuma biya sidi ɗaya ko biyu ta MoMo a ga shafin ya shaida an biya. Jerin ƙofofin da aka buɗe da dalilin kowace a rubuta shi a takarda, kwafi ɗaya a hannun mai aikin, ɗaya a ofishin mai wurin.